Motata mai giyar CVT tana gurnani, in sayar ko in riƙe?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina tuƙa mota mai giyar hannu, kwanan baya na kwashe abin da na tara na sayi wata ta hannu mai giyar otomatik irin wadda ake kira CVT, kuma tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Idan na taka totur sai inji ya ɗauki ƙara ya tsaya a kanta, gudu kuma yana ƙaruwa a hankali, ba na jin ta canza giya ko sau ɗaya, sai ka ce motar da kulocinta ya cinye. Wani lokaci idan zan tashi daga tsaye takan yi karkarwa. Rannan ina hawa wani dogon tudu da tsakar rana, da iyalina da kaya, sai ƙarfinta ya mutu, na tsaya a gefen hanya, bayan ɗan lokaci ta dawo daidai. Bakanikena ya ce a juye mata man giyar otomatik na gama-gari, abokaina kuma sun ce in rabu da ita tun ba ta mutu a hannuna ba. Me ya kamata in yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta wasiƙarka da natsuwa, kuma ban ga laifinka ba da hankalinka ya tashi, domin mutumin da ya zuba guminsa a mota, sannan ya ji tana yin abin da kunnensa bai saba da shi ba, dole ne ya kwana da abin a ransa. Sai dai abubuwa ukun da ka lissafa ba matsayinsu ɗaya ba. Ƙarar da inji ke ɗauka ya tsaya a kanta halin motar ne, haka aka ƙera ta, babu abin da za a gyara a nan. Karkarwar tashi da mutuwar ƙarfi a kan tudu kuwa gargaɗi ne giyar ke yi maka, kuma ya kamata ka saurara tun abin yana da sauƙi. Kafin mu shiga cikinsu, akwai abin da nake roƙonka yau ɗin nan: kada ka yarda a zuba wa wannan mota man giyar otomatik na gama-gari, ko da bakaniken da ya ba ka shawarar mutum ne da ka daɗe kana amincewa da shi.

Giyar da ka saba da ita, har da otomatik irin ta da, haƙoran ƙarfe ne masu girma daban-daban, mota tana tsallakawa daga lamba ɗaya zuwa biyu zuwa uku, a kowane tsallake kuma juyin inji ya faɗo sannan ya sake hawa. Wannan faɗuwa da hawa shi ne abin da kunnenka ya haddace a matsayin lafiyar mota. A cikin CVT babu waɗannan lambobi. Fuli biyu ne, ɗaya yana karɓar ƙarfi daga inji, ɗayan yana miƙa shi ga tayoyi, bel na ƙarfe ko sarƙa kuma ya haɗa su. Kowane fuli faifai biyu ne masu tudu a tsakiya, suna fuskantar juna, sun bar kwari a tsakaninsu inda bel ɗin yake zama. Idan matsin mai ya tura su suka matso kusa da juna, sai kwarin ya tsuke, bel ya hau can bakin fuli, fulin ya yi aiki a matsayin babba. Idan suka buɗe sai bel ya nutsa ciki, fulin ya koma ƙarami. Yayin da ɗaya ke tsukewa ɗayan buɗewa yake yi, kwamfutar motar ce kuma ke daidaita su a kowane lokaci. A wajen tashi, fulin inji ƙarami ne na tayoyi babba, sai a samu ƙarfin ja. Idan hanya ta miƙe sai su yi musanya, inji ya huta mota na gudu. Giyarka ta da matakala ce da ake hawa taki-taki, wannan kuwa hawa ne a shimfiɗe, ana iya tsayawa a kowane gurbi a kansa.

Bel ɗin nan ba roba ba ne irin wanda ke juya fanka. Ɗaruruwan ƙananan ƙarafa ne aka jera a kan siraran zobban ƙarfe, suna ture juna daga wannan fuli zuwa wancan, kuma babu haƙori ko ɗaya da ya riƙe su a jikin fuli, matsi da gogayya ne kaɗai. Ka riƙe wannan da kyau, domin duk shawarar da zan ba ka daga nan take fitowa: abin da ke kashe wannan giya shi ne zafi, da fizga, da man da bai dace da ita ba, kuma dukkansu a wuri ɗaya suke ƙarewa, wato bel ya zame ya karce fuskar fuli.

To, me ya sa inji ke gurnani? Kowane injin fetur yana da wani matakin juyi da ya fi ba da ƙarfi a kansa, da wani matakin da ya fi tattalin mai. Idan ka taka totur, kwamfuta tana kai inji inda ya dace da buƙatarka ta ajiye shi a can, sannan ta bar fuli su ci gaba da sauyawa har gudun mota ya cimma shi. Shi ya sa ƙara ke riga gudu zuwa. A motar giyar hannu wannan alamar kuloci ce da ya ƙare, don haka zarginka yana da tushe, sai dai a nan ma'aunin ya sauya. Ka gwada da kanka, gani ya kori ji. Ka samu hanya miƙaƙƙiya marar cunkoso bayan inji ya ɗumama, ka taka totur zuwa tsaka-tsaki ka riƙe ƙafarka a wuri ɗaya, ka riƙa satar kallon allurar juyin inji. A lafiyayyar mota allurar za ta hau, misali zuwa juyi 2,500 ko 3,000 a minti ɗaya, ta tsaya cak, allurar gudu kuma ta riƙa hawa ba tsayawa ba fizga, kuma da ka sassauta ƙafa sai juyin inji ya sauko ƙasa da 2,000 mota na tafiya a gudunta. Idan ka take totur har ƙasa, kada ka firgita in ka ga allurar ta kai 5,000 ko fiye ta tsaya a can. Abin da ba lafiya ba shi ne ka ga allurar tana hawa da sauka ita kaɗai alhali ƙafarka ba ta motsa ba, ko inji ya zabura gudu bai ƙaru ba, ko ka ji wani siririn kuka da ke ƙaruwa tare da gudun mota, ko ka sa D (gaba) ko R (ribas) motar ta yi daƙiƙoƙi kafin ta kama sannan ta kama da bugu, ko ka ji ƙaurin mai. Waɗannan su ne alamomin da ake kai mota gareji saboda su.

Wannan fasaha ba jiya aka fara ta ba. Kamfanin DAF na ƙasar Holan ya fito da ƙaramar mota mai irin wannan giya a 1958, mai aiki da bel na roba, ƙirƙirar Hub van Doorne, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, daga baya aka koma bel na ƙarfe, kuma a 1987 ta shiga motoci irin su Subaru Justy da Fiat Uno da Ford Fiesta. Har ƙungiyar tseren motoci ta Williams ta gwada ta a 1993, hukumar tseren ta haramta ta kafin kakar 1994. Yau Toyota da Honda da Nissan da Subaru suna sa ta a miliyoyin motoci, babban dalili kuwa shi ne tattalin mai. Kamfanonin sun san direbobi da yawa ba sa son wannan gurnani, shi ya sa a sababbin motoci suka koya wa kwamfuta ta riƙa kwaikwayon canjin giya don kunne ya ji abin da ya saba. A 2018 kuma Toyota ta fito da wani samfuri da aka sa masa giya ta ɗaya ta haƙora don tashi kawai, sai mota ta ɗauki gudu sannan bel ya karɓi aiki, wanda ke nuna maka cewa masu ƙera ta da kansu sun san lokacin tashi daga tsaye shi ne mafi nauyi a kan bel.

Abokanka ma ba ƙarya suka yi ba ɗungurungum. Wasu samfuran farko sun ba mutane wahala, har Nissan ta ninka garantin giyar motocinta na 2003 zuwa 2010 a Amurka ya koma shekara 10 ko mil 120,000. Kuma gaskiya ne cewa idan bel da fuli suka lalace, sau da yawa giyar ake canzawa gaba ɗaya. Amma sunan da wasu samfura suka ɓata ba hukunci ba ne a kan motar da ke ƙofar gidanka, ita sai an duba ta za a san halin da take ciki. Wani abu kuma a taƙaice: idan motarka mai haɗa fetur da lantarki ce irin tsarin Prius da Toyota ta fara sayarwa a 1997, to duk da ana kiran giyarta da suna mai kama da wannan, babu bel a cikinta, haƙora ne da injinan lantarki, kuma yawancin fargabar da ake yi ba ta shafe ta ba. Alamomin da ka bayyana dai sun fi kama da na mai bel.

Yanzu batun mai, wanda shi ne ya fi damuna a wasiƙarka. Man giyar CVT yana ayyuka da yawa a lokaci guda: shi ne ke matse fuli, shi ne ke sanyaya giya, shi ne ke hana sassa cin juna, sannan kuma dole ya bar ƙarfe ya kama ƙarfe a tsakanin bel da fuli ba tare da zamewa ba. An haɗa sinadaransa ne musamman don wannan aiki na ƙarshe. Man otomatik na gama-gari an yi shi ne don wani irin aiki dabam, kuma idan ya shiga wannan giya bel yakan fara zamewa kaɗan-kaɗan. Mugun abin shi ne ba a ranar ake ganin ɓarnar ba. Za ka bar gareji mota na tafiya lafiya, ka yi makonni ko watanni, a ciki kuwa fuskar fuli tana karcewa, ɓurɓushin ƙarfe yana yawo a cikin mai yana toshe ƙananan hanyoyinsa, kuma ranar da abin ya bayyana babu sabon man da zai goge wannan karce. Hasali ma man CVT kansa ba iri ɗaya ba ne: Nissan tana da NS-2 da NS-3, Honda tana da HCF-2, Toyota tana da TC da FE, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama ko a cikin motocin kamfani ɗaya. Ka buɗe littafin motar ka karanta sunan man da aka rubuta mata, idan littafin bai zo da ita ba a nemo shi da lambar jikin motar, sannan ka sayi man da kanka a wurin da ka amince, cikin gwangwani ko jarka da ba a taɓa buɗewa ba, kuma a buɗe shi a gabanka.

Za ka ji wasu suna cewa wannan mai ba a canza shi har mota ta ƙare. Kada ka bi wannan magana. Zafi yana tsofar da mai, kuma kamfanoni irin su Honda da Subaru sun rubuta a littattafan motocinsu cewa idan mota tana aiki mai tsanani, kamar hawan duwatsu ko jan kaya, a canza shi a wajen kilomita 40,000. Motar hannu da ba ka da tarihin kulawarta, kuma ta riga ta nuna maka karkarwa da zafi, lokacin canza manta ya yi tun ranar da ka saye ta. Idan an tashi aikin, ka tsaya a wurin. A zubar da tsohon man, a kwance farantin da ke ƙarƙashin giya, ka sunkuya ka kalli mayen ƙarfen da ke manne a cikinsa. Idan ka shafa da yatsa ka ga laka mai laushi launin toka, wannan cin yau da kullum ne, ba abin tsoro ba. Idan kuwa ka ga ƙananan ɓaraguzai masu ƙyalli, ko ka ji tsini yana sukar yatsanka, to ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Ka shaƙi man, ka ɗiga shi a kan farar takarda ka ga ko ya yi baƙi yana ƙauri. A canza matatun mai, a wasu motocin biyu ne, ɗaya a cikin faranti ɗaya a wajen na'urar sanyaya mai. Kada a haɗa mata injin da ke tura mai da ƙarfi don wanke giya, kuma kada a ƙara mata wani sinadari da aka ce yana hana zamewa. Zubarwa ɗaya ba ta fitar da dukkan tsohon mai, saboda haka idan ya yi datti sosai ana iya maimaitawa bayan an ɗan yi tafiya da ita. Awon man ma yana da ƙa'ida: da yawa daga cikin waɗannan motoci ba su da sandar awo, ana auna man ne idan ya kai wani matakin ɗumi da ake karantawa a kwamfuta, mota kuma tana tsaye a daidaitaccen wuri, domin idan ya yi kaɗan matsi ya ragu, idan ya yi yawa ya yi kumfa ya ƙara zafi.

Wannan ne ma zai nuna maka wanda ya kamata ka miƙa wa aikin. Ba na cewa ka ɓata da bakanikenka. Mai yiwuwa gwani ne a inji da birki da ƙafafun mota, ka ci gaba da kai masa waɗannan. Amma giyar ka kai ta wurin wanda ke da kwamfutar duba mota kuma ya saba buɗe irinta. Ka tambaye shi wane mai zai zuba, kuma a wane ɗumi zai auna shi. Wanda ya san aikin zai amsa maka nan take.

Karkarwar tashi ba lallai ne daga bel take ba. Tsohon mai yana kawo ta, kulocin cikin giya da ke haɗa inji da fuli yana kawo ta, a wasu motocin kuma sabunta manhajar kwamfutar giya ne maganinta. Haka nan fulogin da ya gaji, ko robobin da inji ke zaune a kansu idan sun tsage, ko maƙogwaron iska da ya yi datti, duk suna sa mota rawa a wajen tashi, mutum ya ɗora wa giya laifin da ba nata ba. A fara da sa mata kwamfuta, a rubuta maka lambobin matsalar da ta ajiye a takarda kafin a goge su, sannan a bi abubuwa masu sauƙi kafin a taɓa masu wuya.

Abin da ya same ka a kan tudu kuwa, alamu sun nuna motar ce ta kare kanta. Akwai na'urar da ke auna zafin man giya, kuma idan ya wuce iyaka kwamfuta tana rage ƙarfin inji da gangan don kada bel ya zame a cikin man da ya tsinke saboda zafi. Shi ya sa da ta huce ta dawo daidai. Tsayawar da ka yi ita ce daidai, kuma da ka matsa mata a lokacin da labarin ya sha bamban. Idan ya sake faruwa, ka sauka daga hanya zuwa wurin da babu haɗari, ka ja birkin hannu, ka sa P, wato fakin, ka bar inji yana aiki a hankali domin mai ya ci gaba da zagayawa ta na'urar sanyaya shi, matuƙar dai injin kansa bai tafasa ba. Sai dai ba zan so ka ɗauki abin a matsayin al'ada ba, domin kowane irin wannan zafi yana rage wa mai ƙarfi. A duba lagireto da ruwansa da fankarsa, tunda a motoci da yawa ruwan inji ne ke ɗauke zafin man giya, a wanke ƙura da ƙwarin da suka toshe gabansa, a tabbatar man bai yi yawa ba. Idan tafiye-tafiyenka na hawa ne cikin zafi, ka yi magana da mai gyaran giya kan ƙara mata na'urar sanyaya mai ta biyu. Ka kuma duba iyakar nauyin da aka rubuta wa motar, yawanci a jikin ginshiƙin ƙofar direba, domin mutane biyar da but cike da kaya a saman rufi suna iya wuce ta ba ka ankara ba. A kan dogon hawa ka rage gudu, ka riƙe totur a wuri ɗaya, ka bar masu sauri su wuce.

Saura hannunka da ƙafarka, domin shekarun giyar hannu sun bar maka ɗabi'un da wasunsu ba su dace da wannan mota ba. Ƙafar hagu ta yi ritaya. Ka ajiye ta a wurin da aka yi mata, don direbobin da suka baro giyar hannu sukan kai ta neman kuloci su take birki da ƙarfi. A wajen tashi, ka saki birki, ka bar motar ta fara rarrafe da kanta, sannan ka ɗora ƙafa a totur ka riƙa ƙarawa. Kada ka taɓa zabura inji a N, wato firi, sannan ka wurga ta D, kuma kada ka haɗa birki da totur. Da safe, musamman lokacin sanyi, ka tafi a hankali na 'yan mintuna, kuma idan ka ga juyin inji ya ɗan yi sama a wannan lokaci, kwamfuta ce ke gaggauta ɗumama mai. Wannan ba yana nufin ka riƙa lallaɓa ta kullum ba ne. Idan za ka wuce wata mota, ka tabbatar da fili, ka fara taka totur ɗan lokaci kafin ka fita, ka taka da gaske ka riƙe, ko ka sa S, wato matakin da ke ƙara wa mota kuzari, idan tana da shi, kuma kada gurnanin ya sa ka janye ƙafa kana tsakiyar hanya, domin a nan haɗarin yake.

Ɗabi'ar da na fi so ka bari ita ce sa mota a firi a gangara. Ba ta rage shan mai, domin injinan zamani suna yanke fetur idan ka ɗaga ƙafa mota na cikin giya, a N kuwa dole a ci gaba da ba inji mai don kada ya mutu. Sannan ka ɗora wa birki dukkan nauyin motar, kuma birkin da ya yi zafi a doguwar gangara yakan daina kamawa. Mayar da ita D tana cikin gudu kuma fizga ce a kan giya. A doguwar gangara ka sa L ko B ko S, gwargwadon abin da motarka ke da shi, inji zai ɗaga murya yana riƙe motar, kai kuma ka riƙa taɓa birki kana sakewa. A fitilar danja ko gajeriyar tsayawa ka bar ta a D ƙafarka na kan birki, idan tsayawar ta yi tsawo ka sa N ko P ka ja birkin hannu.

Kada ka sa ribas sai mota ta tsaya cak, haka ma idan za ka dawo D. Idan cunkoso ya tsayar da kai a kan tudu, birki ne zai riƙe motar, ba totur ba, domin riƙe ta da totur zafi ne kawai kake tara wa mai. A wajen ajiye ta, musamman a gangare, ka ja birkin hannu tukuna, nauyin motar ya zauna a kansa, sannan ka sa P, saboda abin da ke kulle giya a P ɗan ƙaramin ƙarfe ne da ba a yi shi don ya ɗauki nauyin mota shi kaɗai ba.

Idan ta kafe a yashi ko taɓo, kada ka yi ta ba ta wuta kana kai ta gaba da baya. Tayar da ke juyawa a banza sannan ta kama ƙasa farat ɗaya tana aika wa bel bugun da zai iya zamar da shi a daƙiƙa guda. Ka sauka, a tone gaban tayoyi, a sa katako ko duwatsu, a tura ko a ja ta. Saboda wannan dalili ne ma nake ba ka shawarar ɗaga ƙafa daga totur idan za ka faɗa rami ko ka hau tudun rage gudu. Ka guji ruwa mai zurfi, kuma idan ta taɓa shiga, a duba man, in ya yi fari-fari ruwa ya shige shi. Idan ta mutu a hanya, ba a tayar da ita da turi, kuma ba a ɗaura mata igiya a ja ta tafiya mai nisa, domin famfon da ke zagaya mai inji ne ke juya shi, inji a kashe kuma sassan giya za su juya a bushe. A kira janwe ya ɗora ta gaba ɗaya, ko aƙalla ya ɗaga tayoyin da ke jan motar. Idan mai jan tayoyi huɗu ce, duka huɗun za su bar ƙasa.

Game da sayarwa, shawarata ita ce kada ka yanke hukunci a kan maganar abokai ko a kan tsoro, ka yanke shi a kan abin da aka gani a cikin faranti da abin da kwamfuta ta nuna. Idan mayen ƙarfen bai tara komai ba sai laka mai laushi, babu lambar da ke nuna zamewar bel ko faɗuwar matsin mai, kuma bayan an zuba man da ya dace an gyara sanyaya karkarwar ta tafi, ka riƙe motarka da kwanciyar hankali, ka rubuta kilomitar da aka canza man a kanta, ka ba kunnenka 'yan makonni ya saba da sabuwar murya. Idan kuwa an ga ɓaraguzan ƙarfe, ko allurar inji ta ci gaba da rawa bayan duk wannan, to giyar ta kama hanyar ƙarewa, kuma zaɓinka biyu ne: ka canza ta da wata da aka gwada aka ba ka garanti a rubuce, ko ka sayar da motar. In sayarwar ka zaɓa, ka faɗa wa mai saye abin da aka gani, domin shi ma iyalinsa zai ɗauka a cikinta ya hau irin tudun da ka hau. Akwai kuma hali na uku da ya kamata ka auna tsakaninka da kanka: idan aikin da kake so mota ta yi maka shi ne lodi mai nauyi kullum, ko jan tirela, ko bin yashi da taɓo, to ko giyar tana da cikakkiyar lafiya ba ita ce ta dace da kai ba, gara ka koma giyar hannu ko otomatik mai haƙora tun tana da darajarta.

Kafin a yi wannan dubawa, ka taƙaita tafiya da ita ga gajerun zirga-zirga, ba lodi, ba dogon hawa. Idan an buɗe farantin, ka ɗauki hoton mayen ƙarfen kafin a goge shi, ka haɗa da lambobin da kwamfuta ta bayar da shekarar motar da kilomitar da ta yi, ka sake rubuto mini mu duba tare. Allah ya kiyaye hanya.